Neman kalmar Hausa: wane suna za mu ba tsutsar da ke zama malam-buɗe-littafi?

Salam 'yan uwa masu lambu da manoma, ina neman taimakonku kan suna. Wannan halitta mai cin ganye da Bature ke kira katafila, mu ba za mu iya aron sunan ba don katafila a wurinmu motar ture ƙasa ce, tun tuni ta riƙe shi. Mu kuma komai tsutsa muke cewa, ta nama tsutsa, ta ciki tsutsa, ta kan ganyen lemu ma tsutsa, shi ya sa mutum da ya hango ta sai ya ɗauko fanfon feshi bai tsaya ya duba wacce iri ba ce. Wallahi abin yana damuna don ba duka ne ɓarna ba.

Ku duba wadda ke hawa ganyen lemu. Tana ƙarama kamar kashin tsuntsu take, baƙi da fari, in ta girma ta koma kore, ka taɓa ta sai ta fito da wasu ƙahoni biyu masu wari daga bayan kai. Ita ce ke zama wannan babban malam-buɗe-littafi baƙi mai ɗigon rawaya. A kan babbar bishiya ganye kaɗan za ta ci ta wuce, ka bar ta, a dashe ƙarami ne kawai za ka tsince ta da hannu. Ga ta tsamiya ma wadda kakanninmu ke samun zaren siliki daga gidanta ana yi wa manyan riguna aiki da shi, ga ta kaɗanya da mutanen Bobo a Burkina Faso ke soyawa su ci har su kai kasuwa lokacin damina.

Baba da ka ba da shawarar mu kira ta gizaka, na gode Allah ya ƙara girma, sai dai gizaka mai gashi ce wadda ke sa ƙaiƙayi, ba za ta ɗauki masu santsin jiki ba. Gwazarma kuma ta cikin juji ce, ƙwaro take zama.

Ni dai na fi karkata ga tsutsar ganye a matsayin sunan gaba ɗaya, sannan kowacce a kira ta da shukar da take ci, tsutsar lemu, tsutsar kabeji, tsutsar tsamiya haka. Yayana, na ga gyaranka cewa akwai mai huda karan dawa da masara ta zauna ciki, gaskiya ne, wannan a ce mata tsutsar kara ya wadatar.

Inda na tsaya shi ne wadda ta shigo daga nahiyar Amurka aka fara ganinta a Najeriya farkon 2016 ta addabi masara. Wasu na fassara ta da tsutsar sojoji, ni sunan bai kwanta min ba, manomi da ya ji shi bai san me zai duba ba. Alamarta a fili take, a kanta akwai zane kamar harafin Y a kife, kusa da wutsiya kuma ɗigo huɗu baƙaƙe a jere murabba'i, tana ɓuya a tsakiyar masara inda sabon ganye ke fitowa ta cika wurin da kashi. To me zai hana mu ce mai ɗigo huɗu? Yaro ma zai gane ta ya zuba mata toka ko yashi tun tana ƙarama kafin a kai ga sayen magani. Ai manoman tumatir na Kadawa da Kura ba su jira kowa ba suka raɗa wa tsutsar da ke cin tumatirinsu suna sharon, kuma sunan ya zauna.

Mutanen Maraɗi da Damagaram, don Allah ku faɗa mana me kuke ce wa ta masarar a wajenku, in akwai tsohon suna mu ɗauke shi.