Muhawara: Shin layi ɗaya ya isa bayanin kayan aikin da ke aika buƙata ga kowace API?

Bashir: Jama'a, ina da maganar da ba kowa zai so ba. Kayan aikin nan na gama-gari da ake bai wa wakilin ƙirƙirarriyar basira don ya aika buƙata zuwa kowace API, wato ƙofar da manhaja ke bi ta yi magana da wata manhajar, ba ya buƙatar dogon bayanin da wakilin ke karantawa kafin ya yi amfani da shi. "Yana aika buƙatar HTTP zuwa adireshin da aka ba shi, ya dawo da amsa." Shi ke nan. Injin, wato basirar da ke tuƙa wakilin, ya haddace HTTP, ƙa'idar aika buƙata a intanet, da umarnanta irin su GET na karɓo bayani da POST na aikawa, tun kafin ya zo hannunmu. Masu auna bayanan kayan aiki da jerin sharuɗɗa, suna rage wa irin wannan maki don gajere ne, tsawo suke aunawa, ba amfani ba.

Zainab: Malam Bashir, injin ya san HTTP, babu musu. Amma kayan aikinka fa, a ina ya san shi? Jikin buƙatar, rubutu tsagwaro zai turo ko JSON, wato tsararren rubutun da manhajoji ke musaya? Kai kake sa Content-Type, layin da ke faɗin nau'in abin da aka aika, ko shi zai sa? In sabar, wato kwamfutar da ke amsa buƙatar, ta mayar da 302, lambar da ke cewa a nufi wani adireshi, kayan aikin zai bi sabon adireshin da kansa? In aka samu 404, wato ba a sami abin da aka nema ba, kuskure zai jefo ko zai dawo da lambar kamar kowace amsa? Duk waɗannan zaɓin wanda ya rubuta manhajar ne, ba su cikin ƙa'idar HTTP.

Habu: Ni ina bayan Malam Bashir, amma da wani dalilin. A MCP, ƙa'idar haɗa injin da kayan aiki da kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024, kowane kayan aiki yana zuwa da suna, da bayani, da tsarin abubuwan da yake karɓa, a rubuce da salon da ake kira JSON Schema. Yawanci duk wannan ake lodawa a gaban injin kafin ya fara aiki. In kana da kayan aiki masu yawa, kowanne da shafi guda na surutu, ka cinye wurin da aikin kansa zai zauna, kuma kuɗinka ne ke tafiya a kowane kira. Rabin tambayoyin Zainab ma tsarin abubuwan da yake karɓar ne zai amsa su: ka jera hanyoyin da aka yarda da su, ka faɗi nau'in kowane fili.

Zainab: Injiniya, tsarin yana faɗin siffar abin da za a turo. Ba ya faɗin abin da zai biyo baya. Ga misali. A 2025 an ƙara wa MCP alamomi irin su readOnlyHint da destructiveHint, don a nuna ko kayan aiki karatu kawai yake yi ko yana iya ɓarna. To wace alama za ka manna wa wannan? Da GET karatu ne, da DELETE gogewa ne, kuma duk ƙofa ɗaya suke bi. Dole ka ɗauke shi a mai ɓarna gaba ɗaya, sauran bayanin kuma sai da baki.

Rukayya: Bari in sa baki, don akwai abin da ya fi damuna. Maimaitawa. Wakili ya aika POST na biyan kuɗi, lokacin jira ya ƙare, amsa ba ta iso ba. Me zai yi? Sai ya sake aikawa, don a ganinsa na farkon bai shiga ba, alhali wataƙila ya shiga. GET ko PUT, umarnin maye gurbin bayani, ka maimaita, sakamakon ɗaya ne bisa ƙa'ida, amma POST ba shi da wannan tabbacin. Yanzu ku ɗauka kayan aikin ma da kansa yana maimaitawa a ɓoye, bai gaya wa kowa ba. Bayanin da bai faɗi tsawon lokacin jira ba, bai faɗi ko yana maimaitawa ba, ni dai ba zan ba shi maki mai kyau ba ko da jimlolinsa sun fi zuma daɗi. Haka 429, lambar da ke cewa buƙatu sun yi yawa: yana mutunta Retry-After, wato lokacin da sabar ta ce a jira, ko ya bar wa wakilin?

Aminu: Ga kuma tsaro. Wa ke sa makullin shiga a Authorization, layin buƙatar da ke ɗauke da izini? In wakilin ne, makullin ya ratsa ta cikin hirar ke nan. Sannan "kowane adireshi" ya haɗa da 169.254.169.254, inda kwamfutocin haya na AWS, sashen Amazon, da makamantansu ke ajiye bayanan cikin gida.

Bashir: Aminu, a nan kam ka kauce. Ba a tsare gida da rubutu a bango. Wannan adireshin a cikin manhaja ake toshe shi. Wanda ya dogara da jimlar "kada ka je can" ya riga ya sha kaye.

Zainab: Wannan gaskiyarka ce, Malam. Sai dai bayan ka toshe, ka faɗa masa an toshe, in ba haka ba zai yi ta zagaye yana canza adireshi yana ɗauka kuskurensa ne.

Bashir: Saƙon kuskuren ya faɗa masa a lokacin. Me ya sa zan biya kuɗin jimlar a kowane kira?

Rukayya: Na toshewa, na yarda, saƙon kuskure ya wadatar. Na POST fa? Kafin saƙon ya iso an riga an biya sau biyu.

Bashir: To, wannan ɗaya na karɓa. Da kuma yanke amsa: in kayan aikin yana datse doguwar amsa, dole a faɗa, don kada wakilin ya ɗauki rabi a matsayin duka. Jimla uku ke nan. Har yanzu ban ga shafi ba. Kuma ina nan a kan bakana cewa jerin sharuɗɗa ba ya auna komai. A ba wakili ayyuka na gaske da bayanin gajere, a sake ba shi da dogon, a ƙirga inda ya yi tuntuɓe.

Habu: In za a gwada, a sa na uku a ciki: ƙananan kayan aiki da aka ciro daga fayil ɗin OpenAPI, wanda ke jera ayyukan API ɗin da ake son amfani da ita, kowanne da aikinsa ɗaya. Zargina shi ne gardamar nan duk ta taso ne daga ɗora wa kayan aiki guda nauyin intanet baki ɗaya.

Zainab: A sa. Amma cikin ayyukan gwajin a tabbata akwai wanda sabar za ta karɓi POST ta yi shiru, don a nan nake son ganin abin da jimlolinka uku za su yi, Malam Bashir.