Neman shawara: wai sai na kawo mata Alhaji daga Abuja

Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Ina rubuta littafin soyayya, ina sakinsa shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad. A Kazaure labarin yake. Ƙawaye ne uku tun daga Islamiyya: ɗaya malamar firamare, ɗaya tela, jarumar kuma kek da cincin take yi na sayarwa a gidan iyayenta. Saurayinta ya daɗe yana zuwa zance, duk sanda aka ce ya turo sai ya kawo uzuri. Kwatsam sai aka ji an sa masa rana da ƙawarta telar. Inda na tsaya, uwar amarya ta aiko jarumar ta yi musu kayan gara.

Yanzu masu karatu sun sa ni a gaba, wai labarin ya yi sanyi, in kawo wani Alhaji daga Abuja ya share mata hawaye. Wata kuma ta ce daga gani ban san sana'ar ba. Don Allah ku taimaka da shawara.

Maman 'Yan Biyu: Wa'alaikumussalam ƙanwata. Ina bin labarin, kuma mai maganar nan ba ta yi ƙarya ba. A shafin baya kin sa ta gasa alkaki. Ba a gasa alkaki, soya shi ake yi, sannan a tsoma shi a zuma ko ruwan sukari. Dubulan ma suya ce. Nakiya kuwa shinkafa ce ake dakawa da zuma da man shanu da kayan yaji, aiki ne mai cin ƙarfi, sai an tara mata. Sannan wace yarinya ce a ƙaramin gari za ta dogara da wutar NEPA ta karɓi aikin biki? Ki ba ta tukunya mai yashi a ƙasa, ta jera gwangwanaye, ta zuba garwashi a kan murfi. Ki nuna ta tana lissafin fulawa da bota da ƙwai, tana ba direba sautun sukari daga Kasuwar Singa saboda ya fi sauƙi a Kano. Samu mai sana'ar ki wuni a gidanta ranar da aiki ya yi mata yawa.

Uwar Ɗaki: Ni fa ina bayan masu karatu. Mutum ya wuni cikin wahala, da dare ma ki ba shi wahala ya karanta? Idan kuɗi za ki sa wa littafin, ki san abin da masu saye ke so.

Malam Mai Nazari: Hajiya, a yi mini afuwa, ban yarda ba. Tun zamanin adabin kasuwar Kano ake aurar da 'yar talaka ga attajiri, an ƙoshi. Abin da baiwar Allah nan ta riƙe ya fi Alhaji tsada. A garin da kowa ya san kowa, idan jarumar ta ƙi aikin za a ce baƙin ciki take yi, idan ta karɓa za a ce ba ta da zuciya. Kuma kuɗin tana buƙatarsu. Ga malamar firamare a tsakiya, kowacce na jiran ta ga ɓangaren da za ta bi. Malama, sanyin da ake faɗa daga wurin zancen yake, kin cika shi da kalaman waya. Ina ƙanen da ake aika ya yi sallama da ita yana jiran na alewa? Ina baban da ke gyaran murya a zaure in an yi Isha'i?

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. To Anti, ta karɓi aikin ke nan?

Maman 'Yan Biyu: Ta karɓa, amma a biya ta cif, ban da ragin ƙawance. Kuma ranar dakan nakiya ki kawo amaryar gidan, ki bar su su biyu a bakin turmi. Idan sabon saurayi kike so, ga direban da ke kawo mata sukari nan, kin manta da shi tun farkon littafi.