Idan hukuma ce ta karɓe gona, wane lauya za a nema?

Bayan sallar isha'i aka buɗe zancen a majalisarmu, nan wani ƙauye kusa da Ringim, saboda turakun da aka kakkafa a gonaki da sunan aikin hanya. Ga abin da na tsinta.

Wani ɗan garinmu da ke aikin lauya a Dutse ya ce lauyoyi ma hawa-hawa ne. Wanda ya saba da shari'ar gado ko ta sata daban, wanda ya goge a ƙarar gwamnati da hukumominta daban, kuma shi ne abin nema. A tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa yin irinta.

Inda aka fi daɗewa a zancen shi ne batun lokaci. Dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata 3 kacal na shigar da ƙara a ƙararraki da yawa, mu kuwa mun saba da "bari a ga dagaci tukuna" har damina ta wuce. Wannan jinkirin ne ya fi tayar min da hankali.

A Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, diyya ta abin da ke kan ƙasar ce, kamar gini, rijiya, shuka da itatuwa. Don haka a ƙirga mangwaro da ɗorawa, a ɗauki hoto kafin katafila ta iso.

Baba Liman ya ƙara da cewa kada wanda ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. Marasa hali su haɗa kuɗi su ɗauki lauya ɗaya, ko su kai kuka Hukumar Karɓar Ƙorafin Jama'a, can ba a biyan ko sisi.