Yaya zan yi da tsohon gidan tirela na Kawu?

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Amurka. Kawuna ya tsufa, ƙafa ta ƙi, mun dawo da shi wurinmu. Gidansa na tirela, wato irin gidan da ake ja da mota a kai shi fili a girke, yana nan a filin haya, kuɗin fili na ci duk wata. An ƙera shi kafin 1976, shi ya sa sauran filayen suka ƙi karɓarsa, masu saye ma sun ja baya. Rufi na yoyo, takardar mallaka ta ɓata.

Ciki kuwa maƙil yake da akwatuna, littattafan addini, da keken ɗinkin marigayiya matarsa, wanda ko taɓawa ba ya so a yi.

Mu biya a rushe ne, ko mu bar wa mai filin? Kuma ina ake sabunta takardar? Don Allah a taimaka.