Na sayi Hilux don hanyar gona, da wanne gyara zan fara?

Baban Walid:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A yi haƙuri da tsawon rubutun, sai na faro daga tushe za a gane damuwata.

Shekara huɗu ke nan ina noman shinkafa a fadamar wajen Auyo, ni kuma a Kano nake aiki. Gonar ta gado ce, ni da yayana, amma tun rasuwar mahaifinmu ya tare a Legas, sai dai ya bugo waya ya tambayi buhu nawa aka samu. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci nake kama hanya, Gezawa, Ringim, Gujungu, in kwana a Haɗeja wajen ƙanwar mahaifiyarmu, da sassafe in shiga gona. Kwalta ba ta dame ni ba. Abin da ya dame ni daga inda ake sauka kwalta zuwa bakin gona, bai fi kilomita 9 ba, da rani yashi, da damina taɓo mai kama ƙafa. Bara cikin Agusta Corolla ɗina ta kafe a nan da buhun taki shida a ciki, sai da aka kawo shanun huɗa suka ja ni, yara na ta shewa, bambar gaba ta yage. Ranar ban iya cin abinci ba.

To yanzu Allah ya yi, na sayar da Corollar, na haɗa da rancen da na ci a wurin aiki, na sayi Hilux 2012 fara mai gida biyu, ta wani kamfani ce aka yi gwanjonta. Uwargida har yau fushi take yi, don da Corollar take kai yara makaranta, wannan kuwa ta ce ba za ta tuƙa motar 'yan sanda ba. Wannan maganar daban ce.

Abin da nake so in yi mata da hannuna, don na gaji da bakanikai: in ɗaga ta kamar inci 2 da zoben ƙarfen nan da ake sawa a saman shoka, in sa manyan tayoyi, mai walda ya haɗa mini ƙarfen gaba, in ɗaura doguwar fitila a saman rufi, in sa bututun shan iska irin wanda ke hawa ta gefen gilashi, sai kariyar ɗora kaya a sama. Na kalli yadda ake yi a YouTube, ina da jak da sufanu. Damina saura wata biyu. Da wanne zan fara?

Abu Sumayya:
Allah ya sa alheri, ya tsare hanya. Amma Malam ba ka faɗa mana ba, mai fetur ce ko mai gas? Kuma nawa ka ware wa aikin?

Oga na Panteka:
Ƙanena, shekara 26 ina ƙarƙashin mota, saurara da kyau. Cikin abubuwa shida da ka lissafa, guda ɗaya ne kawai ya shafi kafewarka, shi ne taya. Sauran biyar ɗin ado ne.

Zoben nan da kake son sawa jikin mota yake ɗagawa. Tulun aksil ɗin baya, wanda shi ne yake fara zama a kan taɓo, yana nan inda yake, ko da ka ɗaga bodi ya taɓo gajimare. Abin da ke nisanta shi da ƙasa tsayin taya ne kaɗai. Sannan gaban Hilux ɗin wannan zamanin ba aksil ɗaya ba ne irin na tsohuwar Land Cruiser, kowace ƙafa da shaf ɗinta. Ka ɗaga, shaf ya karkace fiye da yadda aka tsara shi, robar bakinsa ta fara yagewa, giris ya fita, yashin Jigawa ya shiga. Wata uku za ka ji ƙas-ƙas in ka karya kwana. Kuma ka sani zoben inci 1 yana ɗaga motar kusan ninki biyu, mutane ba su san wannan ba, sai su sayi mai kauri su wayi gari mota ta ɗaga hanci kamar raƙumi.

Ga aikin da za ka yi da hannunka a yini ɗaya, kuɗinsa bai kai na buhun taki ba. A saman aksil akwai wani ɗan ƙaramin murfi da yake numfashi ta nan. Ka taho daga Kano aksil ya yi zafi, ka faɗa ruwa mai sanyi, iskar ciki ta tsuke, sai ya zuƙo ruwa. Kwance shi, sa nono, wato ɗan gajeren bututun da ake cusa tiyo a kansa, jona tiyon mai, ja shi sama can ƙarƙashin bodi, ka bar masa sassauci don aksil na hawa da sauka, ka sa ɗan filtar mai ta babur a bakinsa. Kafin nan ka buɗe ka duba man da ke ciki. In ka ga ya koma kamar koko, ruwa ya riga ka, zubar ka zuba sabo mai lamba 90.

Baban Walid:
Na gode Oga. Mai fetur ce, 2.7. Maganar taya kuwa ai na riga na saya tun satin da ya wuce a Ƙofar Ruwa, 285/70R17 guda huɗu, shi ya sa nake son ɗagawar, don da na gwada ɗaya a gaba tana goga in na karya sitiyari duka.

Oga na Panteka:
To ai ka ga irinta. Ka yanka sa sannan kana tambayar ko yana da lafiya. Me ke kanta da farko?

Baban Walid:
265/65R17.

Oga na Panteka:
Lissafa da kanka. Tsohuwar tsayinta milimita 776, sabuwar 831. Bambanci 55, rabinsa ne ribarka, wato kusan inci 1 ka samu a ƙarƙashin aksil. A kan inci ɗayan nan agogon gudu zai riƙa nuna maka 100 alhali kana kan 107, birki zai ƙara nisa, injin 2.7 da dama ba gwanin ja ba ne zai ƙara nauyin jiki, mai kuwa ka san yadda muke da shi tun da aka cire tallafi a 2023. Da 265/70R17 ka ɗauka da ba sai ka taɓa komai ba. Mayar musu. Kuma guda huɗu ka ce, safaya fa? Ƙarama za ka sa da manya uku in ta yi faci a daji?

Direban Gembu:
Oga da girmanka, amma ban yarda da kai duka ba. Ni shekara 11 ina hawa Mambilla, daga Serti a bi Mayo Selbe a hau dutse zuwa Nguroje da Gembu, sannan a shiga ƙauyukan da ko babur tsoro yake ji. Babu motar da ke aiki a can yadda kamfani ya fito da ita. Tsofaffin Land Rover ɗin can duk an ƙara musu sifirin. Mutumin nan taki da shinkafa zai ɗauka, ya ƙara ganye ɗaya a sifirin ɗin baya kowane gefe, ya bar tayarsa, ya ɗan datse robar da take goga, shi ke nan. Ku mutanen gari komai sai ku ce littafin mota. Mu da muke biyan haraji hanyarmu ta zama kwazazzabo, duk damina sai dutse ya zaftaro, mu kwana biyu a layi, wa ya zo ya karanta mana littafi?

Oga na Panteka:
Ƙarin ganye na mai lodi kullum ne. Shi wannan kwana biyar a sati motar wayam take yawo a Zoo Road, za ta riƙa tsalle kamar akuya, bayanta ya riƙa zamewa in an yi ruwa.

Maman Afnan:
Ni dai roƙona ɗaya, don girman Allah Baban Walid ka bar maganar fitilar nan. Watan jiya muna dawowa daga Zariya da daddare wani mai irin motar nan ya kunna mana ita, maigidana bai ƙara ganin komai ba sai da muka sauka gefen titi, da yara uku a baya. Har yanzu ƙaramar in ta ga haske a hanya sai ta ƙanƙame ni. Kuma ka lallashi matarka, ita ma tana da gaskiya. Namu maigidan haka ya sayar da motar da nake zuwa asibiti da ita bai shawarce ni ba, shekara biyu ke nan ina bin adaidaita.

Baban Walid:
Hajiya Allah ya kiyaye gaba. Ni ba a kan titi zan kunna ba, sai cikin gona, don wani lokaci sai bayan isha'i muke gama ban ruwa. Maganar gida kuma mun kusa daidaitawa.

Malam Rewaya:
Kowa haka yake cewa. In dai sai ka sa, to kar ka jona ta a wayar fitilar mota. Mai watt 180 tana jan amfiya 15, wayar kamfani ba a yi ta don wannan ba. Ja waya mai kauri kai tsaye daga batir, sa fis na 20 dab da kan batir ɗin, sa rile, makunnin da ke cikin mota rilen kawai zai riƙa tayarwa. Inda waya ta ratsa ƙarfe ka sa mata roba. Mota biyu aka jawo mini bana da suka ci wuta, duk masu su a wayar salula suka koyi aikin, sannan a ce rewaya ne ɓarayi. Kuma a saman rufi ba ta da amfani, farin bonet zai maido maka hasken a ido, in hazo ya sauka kuwa farin bango kawai za ka gani. Sa ta ƙasa. 'Yan Road Safety ma ba sa raga wa mai ita.

Ɗan Damagaram:
Sannunku. Mu nan Nijar masu kat-kat, wato mota mai ja da ƙafa huɗu, da ke shiga rairayi ta Tanut zuwa Agadas ba su damu da wannan kwalliyar ba. Abin da ba ya barin mota: shebur, igiya mai ƙarfi, faranti biyu na ƙarfe da ake turawa ƙarƙashin taya, famfon iska, da abin auna ta. In an zo yashi a rage iska zuwa bar 1.2, wajen 17 ko 18 ke nan a ma'auninku, taya ta baje, mota ta yi ta tafiya a sama. An hau kwalta a mayar, in ba haka ba taya ta yi zafi ta fashe. Na tabbata mai faci ya ɗura maka 45. Kuma in za a ja ka kar a ɗaura igiya a ƙwallon jan tirela ko a ƙarfen da mai walda ya liƙa, in ya ɓalle harsashi ne.

Baban Walid:
Na gode ƙwarai, zan nemi shebur. Amma ƙarfen gaban na riga na ba da kafin alƙalami, kuma ba ado ba ne, hanyar cike take da shanu da awaki. Bututun iskar ma ba don ruwa kaɗai ba, na ji an ce yana rage shan ƙura.

Oga na Panteka:
An ce, an ce. Bututun nan sai ka huda fenda rami kamar bakin kwano, in ka kuskure awo ba gyara. In haɗin bai toshe tsaf ba ruwa zai shiga ta nan kana zaton ka tsira. Kuma motarka mai fetur ce, ruwan da zai kai inda bututun zai yi maka rana ya riga ya jiƙa koyil da kwamfutar mota. Ƙarfen gaba kuwa motarka tana da jakar iska, an auna gabanta ne ya lotse ya shanye duka. Ka ɗaura mata rodi a shasi, dukan jikinka zai zo. Ni na haɗa wa mutane irinsa da hannuna a da, na daina.

Bari in tambaye ka abin da ya kamata a fara da shi. Ka taɓa sa ogzileri, wato giyar da ke sa ƙafa huɗu su ja, tun da ka saye ta?

Baban Walid:
Na ja ƙaramar giyar sau ɗaya a ƙofar gida, fitila ta kawo a dashbod. Ban yi tafiya da ita ba don mai sayarwar ya ce kar a sa a kan kwalta.

Oga na Panteka:
A nan ya faɗa maka gaskiya, ba ta da abin raba gudu tsakanin gaba da baya, a busasshiyar kwalta ɗaurewa take yi. Amma fitila ba shaida ba ce. Motocin gwanjo da yawa direbobi sun cire musu farfelar gaba, sandar da ke kai ja zuwa ƙafafun gaba, ko don ta fara ƙara an ƙi sayen wata, ko wai don rage shan mai. Shiga ƙarƙashi yanzu da tocilan, daga bayan giyabos ya kamata ka ga sanda biyu, doguwa ta yi baya, gajeriya ta yi gaba. In ɗaya ka gani, Corolla ka sake saya mai tsayi.

Direban Gembu:
Wannan kam Oga ya yi gaskiya, an taɓa yi wa maigidana. Amma maganar sifirin ina nan a kan bakana.

Baban Walid:
Na leƙa, akwai wani faranti da ya rufe wajen, kuma dare ya yi. Mutumin da ya sayar mini abokin surukina ne, ba na jin zai yi mini haka. Asabar dai zan je wajen mai walda tun da ya riga ya yanka ƙarfe, in na dawo sai in kwance farantin in duba. Tayoyin kuma sun ce ba sa karɓar kayan da aka riga aka ɗaura.

Abu Sumayya:
Har yanzu ba ka faɗi nawa ya rage a hannunka ba. Kuma tsofaffin tayoyin nan 265, in za ka sayar ina so, duba mini lambobi huɗun nan na gefe in ga shekarar da aka yi su.