Ƙirƙirar eksefshan na kanka: buƙata ce ko ƙawa?

Ɗan Mabera: Salamu alaikum jama'a. Ni dai wanga abu na ƙirƙirar eksefshan na kanka (wato nau'in kuskuren da kod ke jefawa don wani sashe ya kama) a yaren Python ɓata lokaci na ɗauke shi. An ba ka ValueError, KeyError, TypeError, har TimeoutError. Mi ya rage? Na duba kod ɗin wani yaro, kilas-kilas (class) na eksefshan sun cika fayil guda, kowane babu komi cikinsa sai `pass`.

'Yar Runjin Sambo: Wa alaikumus salam Yaya. Ban yarda ba. Ɗauki manhajar masu POS. Mutum ya zo cirar kuɗi, ko dai kuɗin asusunsa bai kai ba, ko netwok ya yanke bayan buƙatar ta riga ta tafi banki. Na farko ka faɗa masa, ya kama gabansa. Na biyu kuwa kai kanka ba ka san ko an zare kuɗin ba. In duka biyun ValueError ka jefa, mai kamawa a sama ta ina zai bambance? Sai ya sake turawa, a zare wa bawan Allah sau biyu, gobe da sassafe ka tarar da shi ƙofar shago.

Ɗan Mabera: Sai ya karanta saƙon da ke ciki mana.

'Yar Runjin Sambo: Wato `if "bai isa" in str(e)`? Ranar da wani ya gyara rubutun ya mai da shi Turanci, sharaɗin ya daina aiki, kuma babu abin da zai sanar da kai.

Malam na Gidan Igwai: Ku saurara. Abin da ta ce haka yake, kuma aikin layi kaɗan ne:

`class KuskurenBiya(Exception): pass`
`class KudiBaiIsaBa(KuskurenBiya): pass`
`class BabuTabbas(KuskurenBiya): pass`

Amfanin gado ke nan. Mai son kama komi na biya ya kama uwar, wato KuskurenBiya, mai son ɗaya ya kama ɗiyar, KudiBaiIsaBa ko BabuTabbas. Haka requests, laburaren Python na tura buƙata ta intanet, ta yi: RequestException ce uwa, ConnectionError da Timeout da HTTPError duk daga gare ta sunka gada. Amma `pass` ɗin nan ma ban cika sonsa ba. BabuTabbas ya ɗauko lambar cinikin tare da shi, don mai kamawa ya tambayi banki matsayin cinikin kafin ya sake komi. Kuma a riƙa rubuta `raise BabuTabbas(lamba) from e`, don asalin kuskuren ya bayyana a rahoto.

Ɗalibi daga Danfodiyo: Malam, Allah shi gafarta, ai Go, yaren rubuta manhaja da Google ta fitar a 2009, ba ta da try da catch na kama eksefshan sam. Ana dawo da kuskure kamar kowace ƙima, kuma manyan manhajoji na tafiya a kanta.

Malam na Gidan Igwai: Gaskiya ne. To amma duba me sunka ƙara a Go 1.13 cikin 2019: errors.Is da errors.As. Aikinsu a gane wane irin kuskure ne ya dawo. Buƙatar da 'Yar Runjin Sambo ta kawo ce dai, hanyar ce daban.

Ɗan Mabera: Malam, ni abin da ke ba ni haushi yawan. Java ta tilasta wa mutane kama wasu eksefshan ko su shelanta su da throws, sai mutane sunka koma rubuta catch fanko don kompaila, mai fassara kod, ta yi shiru. C# ta ƙi ɗaukar tsarin gaba ɗaya.

'Yar Runjin Sambo: Wannan laifin mai haɗiyewa ne Yaya, ba na mai suna ba. A Python ma `except:` tsirara har KeyboardInterrupt yake kamawa, ka danna Ctrl+C manhaja ta ƙi tsayawa.

Ɗalibi daga Danfodiyo: Kamar rokar Ariane 5 da ta tarwatse ranar 4 ga Yuni 1996, ƙasa da minti ɗaya da tashi. Lamba mai bit 64 aka tura cikin mai bit 16, ta ƙi shiga, kwamfutar da ke lissafin alkibla ta tsaya, ta ajiya ma ta faɗi don kod ɗinsu ɗaya.

Ɗan Mabera: Ƙanena, wannan ai hujjata ka kawo. Ko suna ɗari sunka raɗa wa kuskuren, rokar sai ta faɗi, tunda ba a tanadi abin yi bayansa ba.

Malam na Gidan Igwai: Nan kam ka yi daidai. Ni ma'aunina ɗaya: kafin ka buɗe sabon kilas, nuna min wurin da za a kama shi a yi abin da ya bambanta da na sauran. In babu, ValueError ya ishe ka. Lambar waya da ba ta cika 11 ba ba ta buƙatar kilas nata.

Ɗan Mabera: To na bar wa yaron irin su KudiBaiIsaBa da BabuTabbas. Sauran yau zan goge su.

'Yar Runjin Sambo: Ka bar uwar ma, in ba haka ba wurin rubuta rahoto sai ka jera su ɗaya-ɗaya. Kuma ka bincika ko wani fayil na shigo da su kafin ka goge.