Gwaiduwa ta yi duhu: zogale ne, tafarnuwa ce, ko kuwa gurya?

Mai kiwo daga Funtuwa:
Assalamu alaikum. Ina da kajin ƙwai kimanin 300, kuma tun da waken suya ya yi tsada na koma haɗa musu abinci da kaina, na rage waken na cike gurbinsa da kek ɗin gurya, ina kuma barbaɗa garin zogale da na tafarnuwa don in rage sayen magani. Makon jiya mai shayin da ke ɗaukar kiret biyar a wurina ya dawo mini da ƙwan da ya yi mako biyu a shagonsa. Da muka fasa ɗaya a faranti, sai ga gwaiduwar ta yi ƙasa-ƙasa da ratsin kore, farin kuma ya yi jaja-jaja, alhali babu wari. Wanne ne ya jawo haka, kuma abin da kaza ta ci yana isa cikin ƙwai? 'Ya'yana ma shi suke ci, shi ya sa hankalina bai kwanta ba.

Mai niƙan abincin kaji, Kano:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki cire zogale daga zargi, domin shi ƙara wa gwaiduwa launin ɗorawa yake yi, wanda masu saye ke so. Guryar nake tuhuma, kuma ni ba na sa ta a abincin kajin ƙwai ko da mai kaji ya roƙe ni.

Likitan dabbobi, Zariya:
Hajiya, Malam ya yi gaskiya. Irin auduga yana ɗauke da wani sinadari mai suna gosifol. Shanu da tumaki manya suna jure shi saboda ƙwayoyin halittar da ke tumbinsu suna ɗaure shi, shi ya sa masu kiwon turka ke ba da gurya ba tare da fargaba ba, amma kaza ba ta da wannan kariyar. Idan ya shiga jininta yakan isa gwaiduwa, ya haɗu da sinadarin ƙarfen da ke cikinta, launin kuma ya ƙara fitowa gwargwadon daɗewar ƙwai a ajiye. Jan da kika gani a farin ƙwan daga ragowar man guryar ne. Dokar Tarayyar Turai ta kayyade sakakken gosifol, wato wanda bai ɗaure da wani sinadari ba, a abincin kajin ƙwai zuwa miligiram 20 a kowane kilo, alhali ta yarje wa sauran kaji 100.

Tafarnuwa da citta da ire-irensu hanyarsu daban ce: hanta tana sarrafa mafi yawan sinadaransu da sauri, su fita tare da kashi, ko da yake tafarnuwa mai yawa tana iya sauya ɗanɗanon ƙwai. Abin lura shi ne duk sinadarin da ke narkewa cikin mai ya fi zama a gwaiduwa, ita kuwa gwaiduwa takan yi kwana 7 zuwa 10 tana haɗuwa kafin kaza ta saka ƙwan. Saboda haka ko yau kika janye guryar, sai kin jira kusan mako biyu kafin ki yanke hukunci. Ƙwan da ya sauya launi kuwa, kada ki sayar, kada kuma ki ba yara.

Mai kiwo daga Maraɗi:
Ina ƙara jan hankali kan shanya. Na taɓa tara zogale a buhu bai gama bushewa ba, da na buɗe sai na tarar da hunhuna fari fat a tsakiyarsa, dole na zubar da shi duka. Gubar hunhuna, musamman ta tunkuza da masarar da ta sha danshi, tana cin hantar kaza, kaɗan daga cikinta kuma yana iya wucewa zuwa ƙwai. Wasu makwabtana suna jiƙa ganyen darbejiya a ruwan shan kaji ba awo, wai ai ganye ne, kuma wannan yana damuna ƙwarai.

Mai kiwo daga Funtuwa:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na janye guryar tun safe, zan kai wa tumaki sauran buhu biyun. Likita, zogalen fa, kashi nawa cikin ɗari ya dace in tsaya a kai don kada cinsu ya ragu?